Aminin mahaifina ya rasu farat ɗaya, Baba ya daina magana

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, da addu'a.

Ranar Laraba Allah ya yi wa aminin mahaifina rasuwa. Baba Alhaji muke ce masa, sai da na yi wayo sosai sannan na san ba jininmu ba ne. Tare suka yi makarantar allo da Baba, shi ya karɓar masa auren Umma, shi ya yi min huɗuba. Shagon shadda gare shi a Kantin Kwari. Duk sallah daga wajensa yadinmu yake fitowa, in Baba ya miƙa kuɗi sai ya ɓata rai ya ce, "Malam, ka raina ni ke nan?"

Lafiyarsa ƙalau. Ya yi asuba a jam'i, ya dawo gida ya ce ƙirjinsa ya riƙe, a ba shi ruwa. Kafin yaro ya samo adaidaita sahu rai ya yi halinsa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa a Dandolo. Ni ina Kaduna wajen aiki, ko jana'iza ban samu ba.

Baba shi ya shiga kabari ya sa shi, amma har yau ban ga hawayensa ba. Abinci sai Umma ta matsa. In aka ce masa "ya haƙuri?" sai ya ce "da godiya", shi ke nan. Kuma a wajen zaman makoki na ji wani yana faɗa cewa mutuwar fuju'a alamar fushin Allah ce, tunda ba a ba mutum damar tuba ba. Maganar nan ta hana ni barci. Da gaske ne? Kuma me zan yi wa Baba?

Almajirin Ilimi:

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa da rahama, ya kai haske kabarinsa.

Ɗan uwa, wanda ya faɗi wannan magana a gidan makoki bai kyauta ba. Mutumin da sallar asuba cikin jam'i ita ce aikinsa na ƙarshe, wa ya isa ya yanke masa hukuncin fushin Allah? Imam Bukhari ya yi babi guda a kan mutuwar fuju'a, hadisin da ya sa a ciki kuwa na Nana Aisha ne: wani mutum ya zo ya ce wa Manzon Allah (SAW) mahaifiyarsa ta rasu kwatsam, yana zaton da ta samu magana da ta yi sadaka, shin tana da lada in ya yi mata? Ya ce masa eh. Ka lura, bai ce masa irin wannan mutuwa mummunar alama ce ba. Abin da zai yi mata ya nuna masa.

To kai ma ƙofar nan a buɗe take gare ka. Jana'iza ta wuce ka, sadaka da addu'a ba su wuce ka ba.

Sai ka koya wa kanka addu'ar Ummu Salama da ke cikin Muslim, wadda ta yi da mijinta Abu Salama ya rasu: "Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha." Ka riƙa yin ta a inda Baba zai ji, ba sai ka ce masa ya yi ba.

Uwar Biyu:

Allah ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari.

Ɗana, ni na yi takaba, bari in faɗa maka abin da na gani. Kwana ukun farko gida ba masaka tsinke. Ana gama sadakar bakwai kowa ya kama gabansa, ita kuwa matar wata huɗu da kwana goma ne a gabanta, ga yara, ga kuɗin makaranta, ga mai cefanen ba ya nan. Lokacin ne mutuwar take fara cizo.

Shirun Babanka kar ya tsorata ka tukuna. Dattawan nan ba sa kuka a gaban 'ya'yansu, watakila cikin dare yake yin nasa. Kar ka dame shi da "Baba ka yi haƙuri", ya ji ta har ta ishe shi. Aiki za ka nemar masa. Ka ce, "Baba, gidan Baba Alhaji wa ke yi musu cefane yanzu?" Ka ɗauke shi ku je tare da ɗan buhun shinkafa ko abin da ya sawwaƙa. Mutumin da ya rasa abokin hirarsa na shekara da shekaru, in ya ga 'ya'yan marigayin sun rataya a wuyansa, zai tashi.

Kuma don Allah ku kai musu dafaffen abinci, kar ku je su dafa muku. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abi Ɗalib a yaƙin Mu'uta, cewa Annabi (SAW) ya yi a dafa wa iyalansa abinci don abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu kuwa mun juya abin, masu mutuwa su ke ɗora tukunya.

Ma'aikacin Jinya:

Allah ya jiƙan musulmi. Kwana in ya ƙare ya ƙare, ban musa ba. Amma ƙirji ya riƙe farat ɗaya, musamman in da gumi ko ciwon ya sauka hannu, yawanci zuciya ce, kuma hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da mutum ya ji komai ba. Babanka sa'ansa ne, ga damuwa, ga rashin cin abinci. Ka kai shi a auna jininsa cikin satin nan. In ana ta samun 140/90 ko sama, ya ga likita. In ya ce lafiyarsa lau, ka ce naka za a auna ya raka ka.

Almajirin Ilimi:

Hajiya ta tuna min wani hadisi a Muslim. Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Aka ce masa ai mutanen nan kaɗan ma ya ishe su. Ya ce mahaifin wannan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Wato zuwa gidan nan ba na Baba ne shi kaɗai ba, har da kai.

Abu ɗaya da za ku gaggauta: bashi. Ɗan kasuwar da ya tafi bai yi wasiyya ba, da wuya a rasa wanda yake binsa da wanda shi yake bi, kuma sai an biya bashi ake raba gado. Ba wanda ya san sirrinsa kamar Babanka.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi wa Baba zancen bashin bayan magariba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce akwai wani littafi mai baƙin bango da marigayin yake rubuta komai a ciki, yana shago. Ya ce in kira babban ɗansa, gobe ƙarfe tara mu haɗu a Kwari. Maganar awon jini kuwa ya ce sai mun dawo.