An ce ɗana MCAD ne, ku taimaka da shawara

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai wata 11 ya wuni yana amai, ya ƙi nono. Da asuba na ɗauke shi na ji jikinsa ya saki kamar tsumma. A asibiti aka tarar sukarinsa ya faɗi, hanta ta kumbura da kitse. Yanzu sun ce wata cuta ce mai suna MCAD. Kaina ya kulle.

Malamar Jinya: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Idan sukarin da jiki ya ajiye ya ƙare, kitse yake ƙonawa. Mai MCAD kamar ɗanki kuwa, sinadarin da ke ƙona wani nau'in kitsen bai ishe shi ba, sai kitsen ya taru a hanta, sukari ya yi ƙasa. Don haka zama da yunwa ne haɗarin, musamman lokacin zazzaɓi ko amai. Ki sa likita ya rubuta miki awa nawa zai iya yi bai ci komai ba, don yana canzawa da shekaru.

Baban Auta: Hajiya, ki nemi takardar gaggawa daga likitansa, wadda ke bayyana wa ma'aikatan asibiti cutarsa da abin da za su yi masa, ki yi kwafi uku. Namu yaron ma yana da ita, tamu takardar tana cikin jakar matata ko da yaushe. Akwai daren da muka kai shi asibiti, wani ma'aikaci ya ce mu jira tunda sukarin bai sauka ba tukuna. Sai da na miƙa masa takardar sannan aka sa ƙarin ruwa mai gulukos kashi 10. Da mun jira, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Anti Babba: Na ji ana ba irin waɗannan yaran man MCT, wani nau'in mai da ake sa musu a abinci, ki gwada.

Malamar Jinya: A'a Anti, kar ta fara! Wannan na masu VLCAD da LCHAD ne, wasu cututtukan ƙona kitse daban da MCAD. Mai MCAD kuwa, wannan man shi ne ainihin kitsen da ba ya iya ƙonawa. Haka asfirin, kada a ba shi, kuma duk likitan da zai rubuta maganin farfaɗiya na balfurowet a sanar da shi.

Anti Babba: To, na janye, afuwan.

Baban Auta: Kuma gado ne daga uwa da uba duka, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. A gwada yayarsa ko da lafiyarta ƙalau, ɗigon jini ne kawai.

Uwar Biyu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan tafi da ita. Na riga na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyun dare don in tashe shi ya sha nono.