Rikicin zuba kifin maski a tafkunan Minesota: mu haɗa abin da kowa ya sani

Ɗan Yauri: Salamu alaikum jama'a. 'Yan'uwanmu da suka sayi gida a bakin tafki, ko suka fara fatsa a jihar Minesota ta Amurka, suna yawan tambayar me ya haɗa masu fatsa da masu gidajen bakin ruwa faɗa a kan maski, kifin da Turawa ke rubutawa muskie. Ga wanda bai san shi ba, dogo ne mai haƙora, ya fi kama da tsage a hali, yakan wuce inci 50. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, DNR, ita ke kiwon 'ya'yansa tana zubawa a wasu tafkuna. Masu gidaje da yawa sun ce yana cinye musu walai, kifin da kowa ke so a tukunya. Masu bin maski sun ce ƙarya ake masa. Wanda ya san wani ɓangare da kyau ya kawo, amma da adadi, ban da jita-jita.

Injiniya B.: Wa alaikumus salam. A fara da yadda ake zubawar, don da yawan masu ihu a taro sun ɗauka tirela ake cikawa a juye.

Da bazara, ƙanƙara na narkewa ruwa ya kai wajen digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Celsius, ma'aikata ke kafa ragar tarko a gefen tafkunan da aka ware, su kama manya, su matse ƙwai da maniyyi a kwano, su mayar da kifin ruwa. Bayan ƙyanƙyasa sai a kai 'ya'yan tafkunan kiwo. Matsalar maski ita ce abu mai rai yake so: da farko jariran wani kifi, daga baya ƙananan kifaye da ake saye da tsada. In abincin ya yanke ko na kwana kaɗan ne, junansu za su ci, tafkin kiwo guda ya tashi a banza. Da kaka, sun kai inci 10 zuwa 12, ake kwashe su a gwada ba su da cuta, wasu a yanke musu ɗan gefen fiffike ko a sa musu ƙwayar lamba a jiki don a gane su nan gaba.

Lissafin ba da faɗin tafki duka ake yi ba, da wurin da zurfinsa bai wuce ƙafa 15 ba ake yi, inda ciyawar ruwa ke fitowa. Ma'aunin da aka saba shi ne kamar ɗa guda a kowace eka ta wannan wuri, kuma a tafkuna da yawa shekara ɗaya a zuba, ɗaya a huta. Yawancinsu ba sa girma, tsuntsaye da fayik (wani kifi mai haƙora, ɗan'uwan maski) da sanyin farko ke gamawa da su. Abin da ke saura manya bai wuce guda a eka huɗu ko biyar ba, sau da yawa ma ƙasa da haka.

Irin da ake zubawa ma ya canza. Da can na tafkin Shoepack ne, sai aka ga ba ya girma. Tun shekarun 1980 aka koma irin tafkin Leech, mai girma sosai. Wannan ne ya jawo masu neman babban kifi daga jihohin maƙwabta, kuma daga nan surutun ya ƙaru.

Maman Sadiq: Injiniya, bayaninka ya fito, amma bari a faɗi na masu gida, don ana mayar da su kamar marasa hankali, alhali ba haka ba ne. In ka zauna taron ƙungiyar masu gidajen tafki, maganar walai ita ce a baki, amma abin da ke cin ransu uku ne.

Na ɗaya jirage. Mai fatsar walai yana can tsakiyar ruwa ya yi shiru. Mai bin maski gefen ciyawa yake bi, wato daidai gaban gidaje, yana jifa da koto na roba ko katako mai tsawon tafin hannu biyu, da ƙugiyoyi masu baki uku rataye. Wani lokaci ya maƙale a igiyar jirgin mai gida ko a katakon bakin ruwa da yara ke tsalle daga kansa. Ga shi suna son dare, da fitila a goshi, har ƙarshen kaka. Na biyu tsoron ƙumba mai zane, wadda ke manne wa jirgi ta bi shi daga tafki zuwa tafki. An same ta a tafkin Pelican na gundumar Otter Tail a 2009, a tafkin Gull a 2010. Masu maski sun fi kowa yawon tafkuna, don haka su ake fara nunawa da yatsa, ko da ba a san jirgin wa ya kawo ta ba. Na uku, wanda ya fi zafi: mutum na biyan harajin gidan bakin ruwa mai nauyi, sai ya tarar da allo a mashigar jirage cewa za a zuba kifi, ya zo taro ya ji kamar an riga an gama magana.

Malam Na-Duluth: Hajiya, na ukun nan ne gindin maganar, sai dai doka ba ta bayansu. A Minesota ruwan tafki na jama'a ne. Mai gida yana da filinsa da haƙƙin shiga ruwa daga gabansa, amma duk wanda ya shigo ta mashigar gwamnati yana da ikon yawo ko'ina a kan ruwan, har gaban ƙofarka. Babu sarkin ruwa da za a kai wa ƙara, kuma ƙungiyar masu gidaje shawara kawai take bayarwa.

Duk da haka ihunsu na tasiri. Tsarin DNR na 2008 ya tanadi ƙara sabbin ruwaye har takwas kafin 2020. A 2016 aka kawo shawarar zuba maski a Gull kusa da garin Brainerd, jerin tafkunan Fairmont, Big Marine, da Franklin, Lizzie ko Loon a Otter Tail. Ƙarshenta Gull da Fairmont aka zuba, sauran aka janye. A 2018 Sanata Bill Ingebrigtsen ya kai ƙuduri majalisar jiha don taka wa zubawar birki, musamman a Otter Tail, amma bai zama doka ba. Ƙungiyar masu bin maski, Muskies Inc., wadda aka kafa a 1966, tana cikin waɗanda suka tsaya a ɗaya gefen.

Maganar cizo kuma, yana faruwa amma da wuya ƙwarai. A 2017 wani abu ya yayyaga ƙafar wata yarinya 'yar shekara 11 a tafkin Island Lake kusa da Duluth, aka fi zaton maski ne. Har yau ana ɗauko labarin a taro.

Injiniya B.: Mu dawo kan cin walai, don nan akwai awo. A Wiskonsin an duba cikin maski 1,092 daga ruwaye 34, aka buga sakamakon a 1999. Abin da ya fi yawa a cikinsu kifin fac ne mai ruwan ɗorawa da wani farin kifi mai tsotsar ƙasa, mai taushin jiki. Walai ɗan kaɗan ne. A Minesota an kwatanta tafkuna 41 kafin zuba irin Leech da bayan zubawa, aka buga a 2012, ba a ga walai ya ragu a jimlace ba. Ba a kashe kifin don wannan bincike yanzu: ana sumar da shi da lantarki, a zura masa tiyo a tura ruwa, ya amayo abin da ya ci a raga, a sake shi.

Maski na cin walai in ya samu, babu mai musu. Amma ku yi lissafin yawa. Guda ɗaya a eka biyar, a gefensa ƙananan fayik rututu, kowanne na haɗiye 'ya'yan walai da aka zuba. Shi ya sa a 2018 aka buɗe wa masu fatsa a tsakiyar jihar su ɗauki fayik har 10, muddin sun saki na inci 22 zuwa 26, kuma kada fiye da biyu su wuce 26.

Baban Ilham: Akwai abin da ke ruɗa mutane, gara a fayyace. Ƙumba mai zane tace ruwa take yi, ya koma garau. Walai ba ya son haske, sai ya nutsa zurfi ko ya koma ci da dare. Mutumin da ya shekara talatin yana kama shi a wuri ɗaya da hantsi sai ya daina samu, a daidai lokacin kuma ya hango maski kwance a ƙarƙashin katakonsa, tunda yanzu ana ganin ƙasa. Me zai ce? Ga ɓarawo.

Kafin a yi gardama a buɗe LakeFinder, shafin intanet na DNR, a duba tafkin. Ma'aikatan DNR suna kafa raga mai tsawon ƙafa 250, kashi biyar masu ido daban-daban, ta kwana a ruwa, a ƙirga walai nawa a raga guda. A duba awo huɗu ko biyar a jere, kada a tsaya kan ɗaya, don walai shekara yake bi: bazarar da ta yi kyau takan ba da zuriyar da za a ci shekaru ana kama, mai sanyi ta bar giɓi. Kuskuren da ɓangarorin biyu ke yi ɗaya ne, kowa ya tsamo shekarar da ta yi masa daɗi ya zo da ita taro.

Kuma masu gida su ji wannan: maski ba ya sheƙa, watsa ƙwansa yake yi a ruwa marar zurfi ya tafi. In an tuge ciyawa, an kwashe itacen da ya faɗa ruwa, an zuba yashi don wanka, an lalata wurin haihuwarsa da na ƙananan kifayen da walai ke ci.

Ɗan Yauri: Masu mashi fa? Ba a ambace su ba.

Malam Na-Duluth: Tsohuwar gaba ce. Da hunturu suna yanka rami a ƙanƙara, su kafa ɗan ɗaki mai duhu a kai, su soki fayik. An taɓa hana su a wasu tafkunan maski don kada su soke shi bisa kuskure, tunda daga sama sun yi kama. An ɗage hanin a tafkin Cass a 2011, amma da an ce za a zuba maski a sabon tafki, da yawansu na bayan masu gida.

Maman Sadiq: To masu fatsa, ga abin da ke rage faɗa a aikace. Doka: lokaci na buɗewa Asabar ta farko a Yuni, ya rufe 1 ga Disamba, kuma tun 2015 ba a ɗaukar wanda bai kai inci 54 ba, wato kusan duka sakin su ake yi. Mataccen maski da ya taso ya kumbura a gaban gidan mutum ya fi kowace takarda ɓata muku suna. A tafi da babbar raga, doguwar filaya da abin yanke ƙugiya. Kifin ya zauna cikin raga a ruwa ana cire masa, in ƙugiya ta yi zurfi a yanke ta. A ɗaga shi a kwance, hannu ɗaya ƙarƙashin ciki, kada a rataye shi a tsaye. Ruwa ya kai digiri 27 a haƙura, don yakan yi iyo ya tafi lafiya sannan ya mutu daga baya.

Jirgi kuma, a tsince ciyawa, a cire toshiyar ƙasa a bar ta a cire a kan hanya, ragowar koto a zuba a shara. In za a canza tafki a shanya kwana 5, ko a wanke da ruwan zafi, digiri 60 na daƙiƙa 10 ko 49 na minti 2. Masu gida ma doka ta hau kansu: katakon bakin ruwa ko abin ɗaga jirgi da aka sayo daga wani tafki sai ya bushe kwana 21 kafin a sa shi.

Baban Ilham: Ƙari ɗaya kan na Hajiya. In ƙugiyarka ta maƙale a katakon wani, kada ka hau, katakon nasa ne ko da ruwan na kowa ne. Matso da jirgi ka cire da sanda, in ta ƙi ka yi sallama.