Kosido a tukunyar ƙasa: wa ya tuna kasuwar Puerta de Toledo?

Uwar Biyu, Madrid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tukunyar ƙasar da nake dafa kosido a ciki, wato girkin wake da nama na mutanen Madrid, ta tsage ranar Asabar, romo ya tsiyaye kan murhu. Tun 1996 take hannuna, shekarar da na tare. Maigida ne ya saya min a kasuwar Puerta de Toledo, nan kusa da Rastro, kasuwar gwanjo ta ran Lahadi. Sababbin zuwa ba su san ta ba. Da can babbar kasuwar kifi ce ta Madrid, aka gyara ta a 1988, ta koma shagunan masu sana'ar hannu da masu sayar da kayan da. Yau jami'ar Carlos III ce a ginin. Na je na tsaya a ƙofa ina kallon ɗalibai na shige da fice, wallahi sai da idona ya cika. Wa ya san wurin? Kuma a ina kuke samun tukunya yanzu?

Tsohon Lavapiés:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Na san ta sarai. Ran Lahadi in na gama zagayen Rastro nakan shiga in huta daga cunkoso. Akwai wani dattijo mai aikin fata da nake daɗewa a shagonsa. Ranar da na nuna masa jakata ta jar fatar Sakkwato, ya juya ta ya fi sau goma yana duba ɗinkin, ya shinshina, ya tambaye ni da me muke jima. Da hannu da guntun Sifaniyanci na yi masa bayanin bagaruwa. Daga baya shagunan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Zuwana na ƙarshe, takun takalmina kawai nake ji a cikin ginin.

Ɗan Zango, Getafe:
Anti, ku gafarce ni, kosido ba da naman alade ake yi ba? Wurin aikinmu duk Laraba shi ake dafawa, ban taɓa kai hannu ba.

Uwar Biyu:
Ka yi daidai ƙanena, kada ka ci na waje. Nasu akwai kitsen alade da ƙashinsa da coriso, wato sosej ɗin alade mai tattasai. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta koya min, muka cire waɗannan. Nakan sa naman sha'raba na sa, ƙashin ɓargo, da tsohuwar kaza, duk daga mahautan Maroko. Garbanzo, wannan waken mai kama da gurjiya, kwana yake a ruwan gishiri, kuma sai ruwa ya tafasa ake zuba shi. In ka ƙara ruwan sanyi a tsakiya, ya ƙi nuna ke nan. Ka kwashe kumfa, ka rage wuta, awa uku zuwa huɗu. Karas da dankali daga baya, kabeji a tukunya daban. Ƙamshin hayaƙin da coriso ke ba su, garin tattasai na yankin La Vera ke ba ni. Kashi uku ake ci: romo da siririyar taliya, sai wake da ganye, sai nama.

Ɗalibar Tarihi:
Mama, naki ma ya fi kusa da asali. Masana da yawa na danganta kosido da adafina, girkin da Yahudawan Sifaniya ke ɗorawa ran Juma'a ya kwana kan garwashi saboda Asabar, babu alade a ciki. Bayan korarsu a 1492 ne aladen ya kankama a tukunyar. Ni a ginin nan nake karatu, ban taɓa sanin akwai masu sana'a a cikinsa ba sai yau.

Direban Zamora:
Hajiya, batun tukunya: ki nemi ta Pereruela, wani ƙauye ne kusa da mu. Yumɓunsu na jure wuta, har tandar gasa burodi suke ginawa da shi. Matata ta jiƙa tata ta kwana a ruwa kafin ta fara ɗora ta, kan ƙaramar wuta. Ina shigowa Madrid da kaya ƙarshen wata. Ta mutum nawa kike so?

Uwar Biyu:
Ta mutum takwas, Malam, mai murfi. Allah ya saka da alheri, ya kawo ka lafiya. Tsohuwar kuwa ba zan yar ba, na zuba mata ƙasa na shuka na'ana'a a ciki.