Neman kalmar Hausa: me za mu kira tomosantez na ƙirji?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri kan cututtukan huhu a wani gidan rediyo na nan Maradi, kuma likitan da zan tattauna da shi ya aiko mini da bayaninsa cikin Faransanci. Kalmomi biyu sun tsaya mini: tomosantez, da nodil ɗin da ake nema da shi a cikin huhu. Idan na ce "radiyo" yadda muka saba kiran hoton asibiti, mai saurare a Tibiri ko Madarunfa zai ɗauka hoton ƙirjin da ya sani ne.

Ma'aikacin sashen hoto: Hajiya, ga yadda aikin yake. Kan na'urar yana zamewa daga sama zuwa ƙasa yana ɗaukar hotuna kusan 60 cikin daƙiƙa 10 ko ɗan fiye, majinyaci yana riƙe da numfashinsa, sannan kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da ƙirjin daki-daki daga gaba zuwa baya. A hoton da aka saba, haƙarƙari da jijiyoyin jini sukan hau kan ɗan abin da ake nema su ɓoye shi. A nan ana raba su. Hasken da ke shiga jiki bai kai kashi ɗaya cikin goma na sikana (wato hoton CT) ta yau da kullum ba, sai dai bai kai ta gani ba, musamman a gefen huhu kusa da haƙarƙari. Asalin kalmar tomosantez Girkanci ne, yanki da haɗawa. Ina ganin "hoton yanka-yanka".

Ungozoma: Yaya, duk tsohuwar da ta ji "yanka" a rediyo za ta ɗauka tiyata ce, ba kuwa za ta zo ba. Ga nodil, "ƙullutu" ya dace. A guji "ƙari", domin likitoci suna kiran abu nodil ne idan bai wuce santimita 3 ba, kuma da yawansu tabon tsohon tarin fuka ne, ba sankara ba.

Mai fassara: Na goyi bayan ƙullutu. Ga ɗayar kuma ina ba da shawarar "hoton falle-falle", tun da likita yana bin hotunan ne ɗaya bayan ɗaya kamar mai buɗa fallayen takarda.

Malamin Hausa: Duk kun kama rabin kalmar kun saki rabi. Ina haɗawar take? Hausa tana da hanyarta ta gina suna daga aikatau da abin da ya faɗa wa, kamar dafa-duka da fasa-ƙwauri, saboda haka sunan da ya dace shi ne "haɗa-falle". Kalma ɗaya ce, ba ta kuma jingina da "hoto", wadda ita kanta aro ce daga Ingilishi. Tun 1972 masu abin suka raɗa masa suna guda a harshensu, mu kuwa muna jan jimla kamar igiyar guga.

Mai fassara: Allah ya gafarta malam, idan za a kori "hoto" sai a kori "asibiti" da "likita", kuma a Kano da Katsina babu wanda zai gane haɗa-falle, zai zaci sana'ar masu ɗinke littattafai ce.

Malamin Hausa: To, an zo wurin. Dole sai Kano ta sa hannu kafin kalma ta zama Hausa? Mu da muke rubuta ƴaƴa da harafinmu tun tuni ba mu jira izinin kowa ba. Hausar Katsina da Gobir da ake yi a garin nan ba ƙanwar ta kowa ba ce.

Mai fassara: Ban ce haka ba, ranka ya daɗe. Na ce muryar rediyo ba ta tsayawa a kan iyaka a Ɗan Isa, mutanen Jibiya a Najeriya ma suna saurare.

Ma'aikacin sashen hoto: Akwai abin da ya fi wannan gardama nauyi. Sikana ma falle-falle take fitar da jiki, kuma ita ma harhaɗawa take yi, don haka sunayen biyu duk suna iya hawa kanta. Bambancin shi ne ita tana kewaye mutum gaba ɗaya, wannan kuwa ɗan zamiya yake yi ta fuska ɗaya.

Mai shirin lafiya: Na gode muku duka. Lokaci ya ƙure, don haka zan ce "hoton ƙirji na falle-falle", in ambaci tomosantez sau ɗaya, in bar sikana da sunanta tun da mutane sun riga sun san ta. Ƙullutu ya zauna.

Malamin Hausa: Ƙullutu na yarda da shi. Ɗayan kuwa bayani ne, ba suna ba, kuma a ajina haɗa-falle zan rubuta a allo.