Kalmar "kanikawa" ta cinye zancen digiri na biyu a zauren tsofaffin ɗalibai

Mai ƙorafi: Salamu alaikum. Ni dai na gaji. Na shiga digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta don in koyi bincike in wuce PhD, yau shekara huɗu. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas, sauran kuma malamin da ke duba aikina ya cinye. Babi na uku yana kan teburinsa tun kafin azumi, ranar da na leƙa na tarar an ɗora kofin shayi a kai. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini yadda ake karanta takardar bincike a gano inda ta yi rauni. Kowa sai ya haɗa manhajar rajistar ɗalibai ya sa mata suna, a ce ya yi bincike. Kanikawa ake yayewa, ba masu bincike ba.

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Su wa ke nan kanikawan?

Ɗan Jega: Don mun san inda aka dosa. Mu da muka yi HND a poli ta Waziri Umaru kullum haka ake ce muna.

Mai ƙorafi: Yaya, ban ambaci poli ba.

Na Yauri: Ba sai ka ambata ba. Mai HND sai ya yi PGD, wato difilomar share fagen digiri na biyu, kafin a bar shi ya shiga digiri na biyu, kai kuwa ka shige kai tsaye, ga shi yanzu kana kuka. Wa ya fi cancanta ya yi ƙorafi?

Malama: Ku bar yaron nan ya faɗi damuwarsa. Abin da ya ce akwai ƙamshin gaskiya. Kimiyyar kwamfuta lissafi ce tun asalinta. Masanin lissafi Alan Turing ya rubuta takardarsa da ta aza tubalin fannin a 1936, lokacin babu kwamfutar da za a kunna balle a kwance ta. Mai son bincike sai ya riƙe algoridim, wato matakan warware matsala daki-daki, da kididdiga da aljabara, ya iya tsayar da tambaya guda, ya gwada ya faɗi ya sake, sannan ya rubuta yadda wani zai maimaita gwajin ya samu abin da ya samu. Haɗa manhaja sana'a ce mai kyau, amma wani abu ne daban.

Ɗan Jega: To ga ta nan. "Sana'a." Hajiya, ranar da kwamfutarki ta ƙi tashi ana gobe za ki gabatar da aikinki, Turing kika kira ko ni?

Malama: Kai na kira, kuma na biya ka.

Ɗan Jega: Rabi kika biya.

Na Gusau: Ni abin da ban gane ba, mi ya hana shi zuwa Sakkwato ko Zariya tun farko? Danfodiyo tun 1975 take, ABU tun 1962. Jami'ar Birnin Kebbi da tamu ta Gusau duk 2013 aka kafa su, dole a yi musu uzuri.

Ɗan Aliero: Wa ya ce maka a Kebbi yake karatun? Kuma ta Aliero tun 2006 take, ta girmi taku.

Na Gusau: Ku dai ku riƙe albasa da ɗori, nan ba mai ja da ku.

Ɗan Aliero: Albasar ce ta biya wa rabin zauren ga kuɗin makaranta.

Mai ƙorafi: Jama'a, maganar bincike nake yi.

Malama: Ƙanena, kada ka zauna jiran tebur. Akwai Masakhane da HausaNLP, masu aikin koya wa kwamfuta harsunan Afirka, ana shiga ta intanet, kuma Hausar da kake ji jari ce a wurinsu. Google Colab zai ba ka inda za ka yi ƙananan gwaje-gwaje kyauta. Ka nemi Deep Learning Indaba, taron masu irin wannan bincike a Afirka, tun 2017 ake yin sa.

Na Yauri: Hajiya tana magana kamar kowa TETFund ke biya masa. Wannan kuɗi na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, shi kuwa da kuɗin shinkafar babansa yake karatu. Datar ma wa zai saya?

Malama: Ni ba TETFund ta biya mini ba.

Na Yauri: Haka aka ce.

Malama: Wa ya ce?

Ɗan Jega: Ni har yanzu ban ji an janye kanikawa ba.

Shugaban zaure: To, dare ya yi, bari in taƙaita. An tattauna sosai, kuma abin da ya fito fili shi ne kalmar kanikawa ba ta dace ba, musamman ga mu da muka fito poli muka riƙe ofisoshi da bankuna da hannunmu. An kuma yarda cewa mai HND ya fi mai digiri iya aiki, ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe wannan. Hajiya za ta cika wa Ɗan Jega kuɗinsa. Shi kuma ƙanenmu Allah ya sa a duba masa babinsa. Na rufe zaure sai bayan asuba.