Fura-2 ko Fluo-4? Ina neman waɗanda suka taɓa auna kalsiyam

Ɗalibar digiri na biyu: Salamu alaikum. Ina aiki da HUVEC, ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyar cibiya. Zan zuba musu TNF-α, sinadarin da ke tayar da kumburi, su fito da furotin ICAM-1 a samansu, in harhaɗa shi da antibodi, in ga ko kalsiyam zai tashi a cikin ƙwayoyin. Kuɗin rini ɗaya gare ni, kuma na'urarmu haske mai tsawon zango 488 nm kawai take bayarwa. Tsakanin Fura-2 da Fluo-4, rinin da ke nuna kalsiyam ta hanyar haske, wanne zan saya?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Fura-2 mana. Tun 1985 ake amfani da shi, ana haska shi da hasken 340 da na 380 nm a kwatanta, ba ya ruɗin mutum.

Ɗalibar: Malam, ai na ce 488 kawai muke da shi.

Mai digiri na uku: Ƙanwata, ba rini ne matsalar ba. Ni da Fluo-4 na yi. Ana ɗiga antibodi ƙwayoyin suka haska kore, ɗaya bayan ɗaya. Na nemi a bar ni in ɗiga ruwa zalla don kwatanci, shugabana ya hana, wai ɓata lokaci ne. Mai duba takarda ya ce turin ruwan ne ya buɗe Piezo1, ƙofar da ke shigar da kalsiyam in an matsa ƙwaya, ba hanyar PLC da IP3 mai sakin kalsiyam daga rumbun cikin ƙwaya ba. Aka dawo da aikin, laifin kuma a kaina. Har yau abin na ci mini rai. Ki yi gwajin ruwa zalla, ki yi na thapsigargin, maganin da ke zazzage rumbun, ki ga ko daga rumbun ciki kalsiyam ɗin ke fitowa.

Likita: Allah ya saka maka. Fluo-4 dai ya fi araha.

Tsohon hannu: Ina! Fura-2 ya fi sauƙin kuɗi. Dakta, ka taɓa riƙe pipet kuwa?

Likita: Mu ke ganin kumburin a jikin majinyata, Malam.

Mai kula da na'ura: HUVEC ai gimbiya ce, ka yi tari kusa da ita kalsiyam ya tashi, hhh.

Mai digiri na uku: Tunda ka zo, Yaya, me ya sa ake ba ɗalibai na'ura sai dare? Rinin tsiyayewa yake daga ƙwaya ko da an sa probenecid, maganin rage tsiyayewar.

Mai kula da na'ura: Manya ke cike jadawalin su ƙi zuwa. Ku kai ƙara sama.

Ɗalibar: To BAPTA-AM, mai kame kalsiyam a cikin ƙwaya fa, dole ne in haɗa da shi?