Waƙoƙin da na fi ji da su suna mutuwa a gaban jama'a, ina gyaran yake?

Matashin_Rigasa:
Assalamu alaikum, manya. Ina waƙa da fiyano, wani lokaci kuma da kiɗan da aka haɗa mini a sitidiyo. Waƙoƙina iri biyu ne: na rausayawa da ake so a biki, da wasu masu sanyi a kan rashin mahaifi da zaman jiran aiki bayan gama makaranta. Na biyun su ne nawa na gaske, amma da zarar na fara su sai hira ta ɓarke, kowa ya koma kan wayarsa. An ba ni minti 20 a taron ɗalibai a wani ɗakin taro da ke Unguwar Rimi, mutum wajen 300, cikin Disamba. Kayan sauti na haya ne: manyan sifika biyu, miksa (na'urar haɗa sauti da daidaita shi) da janareto. In ajiye waƙoƙin nan ne, ko akwai dabara?

Baba_Mai_Sauti:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka zargi waƙar, tabbatar ana jin kalmominta tukuna. Waƙar rawa ko ba a ji baiti ɗaya ba, ganga za ta ɗauke ta. Waƙar maraici kuwa kalma ce jarinta, in kiɗa ya danne ta an gama.

Yawancin ɗakunan taronmu tayil ne a ƙasa, siminti a bango, babu labule. Sauti ya bugi bango ya dawo, murya ta dagule. Shi kuma mai haya abin da ya sani ya ƙure bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, don a ce kayansa na da ƙarfi. Ka isa wurin awa biyu kafin taro. A layin muryarka a miksa akwai ɗan maɓalli da aka rubuta 80 ko 100 a jikinsa, a danna shi. Yana yanke gurnanin ƙasa da bugun iskar baki, murya ba ta da abin yi can. In ka ji kamar daga cikin randa kake magana, a rage sautin da ke tsakanin 250 da 400Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) kaɗan a miksa. Eko kuma a yi ƙasa da shi sosai, ɗakin ya riga ya ba ka nasa kyauta. Sai wani ya tsaya can ƙarshen ɗaki, ka rera baitin da ka fi yi a hankali, ya maimaita maka abin da ya ji. In ya kasa, kiɗa za a rage, ba murya za a ƙara ba.

Kukan sifika yana zuwa ne in makirfo ya ɗauko abin da sifika ta fitar ya sake mayar mata. Don haka manyan sifikoki su zauna gaba da kai suna fuskantar jama'a, a kan sanda, sama da kawunan mutane. Ƙaramar da za ka riƙa jin kanka da ita ta zauna a ƙasa daidai wutsiyar makirfo. Kada ka dunƙule kan makirfon da tafin hannu kamar yadda yara ke yayi. Hakan yana toshe ramukan baya, sai ya koma ɗaukar sauti ta ko'ina. Tazarar yatsa biyu daga baki, in za ka ɗaga murya ka ɗan ja baya.

Kiɗan ka karɓo shi daga sitidiyo a fayil mai inganci, wato WAV ko MP3 mai 320kbps, wanda aka cire muryarka aka bar amshi kawai. Ka sa a filash, ka sa a waya. Ban da Bluetooth, a haɗa da igiya, kuma a rufe layin kira. Makirfo mai igiya ya fi mara igiya mai arha, in kuwa dole ne, sabon batir.

Anti_Mai_Gabatarwa:
Baba ya gama da injina, bari in taɓa tsarin fita. Ɗana, minti 20 waƙa huɗu ce. Ka buɗe da wadda ta fi zafi, ta biyu matsakaiciya, ta uku ita ce ta zuciyarka, ka rufe da mai tashe. Ɗaya tak mai sanyi. Mutanen da ba su riga sun tafa maka ba, ba za su yi shiru dominka ba. Kafin ka fara ta, jimla biyu ta isa: "Wannan ta mahaifina ce, Allah ya jiƙan namu da naku." Za su amsa da amin, kuma wannan amin ɗin ita ce shirun da kake nema, ka shiga nan take. Masu tsayawa dogon bayani su ke kashe waƙarsu da bakinsu.

Ka nemi sanin lokacin da za a kira ka. In ya faɗo daidai rabon abinci ko gab da magariba, roƙi mai gabatarwa ya matsar da kai. A biki kuwa, kamu ne ko dina, kada ka kai waƙar rashi. Hayarka aka yi don farin cikin wasu.

Batun kuɗi: rabi kafin alƙalami, sauran kafin ka hau, kuma a rubuce ko da a WhatsApp ne, har da wanda zai sayi man janareto. Sai liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana liƙa naira ko taka ta, hukuncin ɗauri ne da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ajiye faranti a gefen dandamali. Dama masu hawowa liƙi tsakiyar waƙa mai sanyi raba hankalin jama'a suke yi.

Malam_Na_Kawo:
Na yarda da Anti, sai dai wani lokaci laifin na waƙar ne. Matasa kan rubuta damuwarsu baiti bayan baiti ba su bar wa mai sauraro inda zai kama ba. Amshi shi ne wurin kamawa. Ya zama ɗango ɗaya ko biyu, mai sauƙin kari, ka fara da shi sau biyu kafin baitin farko. Baitocin su zama ƙwar biyu, wato ɗango bibbiyu, amsa-amo ɗaya, kada su wuce uku a dandamali ko da na sitidiyo shida ne.

Sannan "na sha wahala, na yi kuka" kowa ya faɗa. Hular da har yanzu ke rataye a ƙusar ɗakinsa, ko takardun neman aiki da suka yi laushi cikin ambulan saboda yawo, su ne ke sa mutum ya ɗago kai.

Baitin farko fiyano da murya kawai, kiɗa ya shigo a amshin da ke biye da shi. Ka sauke waƙar da rabin mataki ko mataki ɗaya daga yadda ka yi ta a sitidiyo, fiyanon lantarki na da maɓallin yin hakan, amma kiɗan sitidiyon ma sai an sauke shi daidai da haka. A can kana hutawa tsakanin ɗauka, a nan ka riga ka yi waƙa biyu a tsaye. In akwai ɗangon da ke karya maka murya, rera shi gaban abokai har ya daina, kuma ka bar gurbin kiɗa zalla bayansa don ka haɗiye.

Disamba hunturu ne. Sha ruwa tun safe, ba sai za ka hau ba, ka yi minti goma kana gunji baki rufe. Alewa mai yaji tana sa ka ji maƙogwaro ya buɗe, amma ba ta jiƙa shi.

Matashin_Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, janareton 5kVA ne, kuma an ce shi zai ɗauki fitilu da firjin lemo. Zai isa?

Baba_Mai_Sauti:
5kVA wat 4,000 ne a aikace, kuma ba a so a ɗora masa fiye da kashi uku cikin huɗu. Sifika biyu da miksa da fitilun LED zai ɗauka. Firjin ne matsala: duk sanda injinsa ya tashi yana fizgar wuta, sai ka ji ƙas a sifika ko miksa ta ɗauke. A sa lemon a kula da ƙanƙara. Janareton a waje, nesa da taga. Wayar wuta mai kauri 2.5mm², a warware ta duka, don a naɗe zafi take yi. A cika tanki kafin taro. Wajen kunnawa miksa farko, sifika ƙarshe, wajen kashewa sifika farko.